Takardun da Muka Ƙona a Umbadda

Hantsi ne, ina warsha, shagon aikinmu na kafinta a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masu sana'a, da zarto a hannuna, sai ga maƙwabcinmu ya shigo yana haki. Bai yi mini doguwar gaisuwar da ya saba ba. Ya tsaya a gabana, ya ɗaga tafukansa biyu ya ce, "Fatiha." Na ajiye zarton na ɗaga nawa. Da muka shafa sai ya ce, "Yayanka ne. Bayan fitarka kaɗan." Mutuwa dai kowa ya san ta, kuma Yaya ya daɗe yana jinya. Abin da ba zai taɓa fita daga raina ba shi ne wanda na aikata da hannuna a kwanakin da suka biyo baya, alhali ina ganin kaina mai hankali.

Mu 'yan Umbadda ne, wata unguwa a Omdurman ta ƙasar Sudan. Kakanmu ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa zai je aikin hajji, ya tsaya a Omdurman ya ɗan huta, hutun da har yau ba mu gama ba. Gidanmu gidan sana'a ne, daga kafinta sai tela sai mai walda. Yaya ne kaɗai ya fita daban. Ya sami aikin shara a ɗakin ajiyar ƙwari na wata jami'a a Khartum, wani Dakta ya lura hannunsa ba ya rawa, ya mai da shi mataimakinsa. A shekarun da aka sami zaman lafiya a kudu sukan tafi can dazuzzukan bakin iyaka, su yi wata biyu suna kama malam-buɗe-littafi. Mu kuwa a unguwa abin ya zame mana abin dariya: mutum da gemunsa yana bin ƙwaro da raga. Idan aka tambayi Innarmu aikin ɗanta takan ce, "Aikin gwamnati yake," ta yi maza ta kawo wata maganar.

Da sojoji suka karɓi mulki aka ba shi takardar sallama. Takardar ta ce an sallame shi don maslahar jama'a. Na daɗe ina neman wace jama'a ce ta amfana da korar mutumin da bai san komai ba sai fukafukan ƙwari. Wataƙila ƙwarin ne suka kai ƙara. Ya dawo gida da abu biyu: wani littafi mai baƙin bango da yake rubutu a ciki, da akwati guda mai murfin gilashi, wanda ni na ƙera masa. Abin da ke cikin akwatin nasa ne na kansa. Ya kama su a tafiyarsa ta ƙarshe, wadda ya yi shi kaɗai saboda Dakta ba shi da lafiya a shekarar. Daga ita yaƙi ya rufe hanya.

A cikin akwatin akwai guda ɗaya da ya fi ji da shi. Baƙi ne, amma idan ka juya shi ga haske sai wani kore-kore ya taso a fukafukan, sannan a ƙasan fiffiken akwai farin layi da ya karye a tsakiya. Da la'asar Yaya yakan fito da akwatin tsakar gida ya kama ni da bayani. Ya ce wannan ba ya son rana, ba ya son fure. A dajin da yake zaune itatuwa sun haɗe a sama, da tsakar rana ma kamar magariba, ƙasa a jiƙe, ganye na ruɓa. Ƙasa-ƙasa yake tashi, bai wuce gwiwar mutum, kuma 'ya'yan itace da suka faɗo suka ruɓe su ne abincinsa. Da ruɓaɓɓiyar ayaba ya yaudare shi. Yana faɗin haka muna zaune a Umbadda, inda inuwar bishiya ɗaya akuya goma ke rabawa.

"Su ma suna da asali, ƙanena," in ji shi. "Akwai babbar ƙabila, akwai dangi, akwai gida, sannan kowa da sunansa. Ka ga wannan? Danginsu da ƙafa huɗu suke tafiya, biyun gaba sun naɗe su a ƙirji. Gidansu ma na san shi. Amma shi kansa na duba littattafan Dakta kaf, babu shi. Ɗan'uwansa da ke cikin littafi layinsa bai karye ba."

Na ce, "To Yaya, in babu shi a littafi sai ya fasa tashi?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Na sha jin bayanin nan ya fi a ƙirga. Kunnena yana wurin, hankalina yana wajen katakon da zan yanka gobe.

Sati guda kafin rasuwarsa ya kira ni ɗakinsa. Ya ce ya sami labarin Dakta zai bar ƙasar ƙarshen wata, zai koma wajen 'yarsa a waje, kuma can akwai masanan da ke tantance irin waɗannan ƙwari su ba su suna. "Ka kai masa akwatin da littafin. Yadda suke ɗin nan. Wannan kaɗai nake roƙonka." Na ce in sha Allahu da kansa zai kai. Ya dube ni irin kallon da ake yi wa mai faɗin abin da bai yarda da shi ba.

Bayan an tashi daga zaman makoki na kwana uku, na fito da akwatin don in goge shi. Baffanmu, ƙanen mahaifinmu, yana zaune a kan tabarma. Shi ne limamin masallacin layinmu, mutum mai tsoron Allah, kuma ba na faɗin haka da ba'a. Ya sa tabarau ya leƙa cikin gilashin, sai na ga fuskarsa ta canza.

Kowane ƙwaro an soke shi da allura a tsakiya, a ƙarƙashinsa kuma akwai 'yar takarda da ba ta wuce farce ba, ita ma allurar ta ratsa ta. Yaya da ajami yake rubutu, don karatun allo ya fara yi, kuma hannunsa ya fi sakewa da shi.

"Subhanallahi," in ji Baffa. "Ɗana, ka ga abin da nake gani? Haruffan da aka saukar da Alƙur'ani da su, an huda su da allura, an ɗora musu mushe a kai? Haka za ka ɗauka ka shiga da shi motar hafila, a tsallake shi, a zauna kusa da shi? Mutumin nan yana kwance a kabari, kada mu ƙara masa nauyi."

Ba zan ɗora wa Baffa laifin shi kaɗai ba. Ni ma ina da nawa dalilin, kuma nawa bai kai nasa tsarki ba. A lokacin nan ana tare motoci a bakin kubri, gadar da ta haɗa Omdurman da Khartum, a zazzage kayan mutane. Na san a jikin takardun nan akwai sunayen wuraren kudu, kuma a shekarun nan sunan wani gari na kudu a aljihunka ya isa a ajiye ka a inda iyalinka ba za su sani ba. Sai na ce wa kaina, ai duk abin da ke jikin takardun yana cikin littafin. Na ji daɗin wannan tunani ƙwarai, domin ya ba ni damar yin tsoro da sunan ladabi.

Na zauna na yi aikin da kyau. Wannan kam ba za a raina ni ba. Na zare kowace allura a hankali, na cire takardar, na mayar da ita raminta. Fiffike ko ɗaya bai karye ba. Takardar baƙin nan mai kore ta ɗan yi gardama, ta manne a jikin allurar, sai da na sa farce. Ta zauna a tafin hannuna. Layi uku ne. Ban karanta ba. Baffa ya tara su a cikin kasko, ya ƙona su yadda ake ƙona tsofaffin takardun karatu, ya binne tokar a gindin katanga inda ba a takawa, muka yi wa mamaci addu'a. Akwatin ya yi fes. Baffa ya ce, "Ka ga yanzu ya zama abin kai wa babban mutum."

Washegari na naɗe akwatin a zane, na sa littafin a aljihun jallabiya, na hau hafila. A bakin kubri aka tsayar da mu. Wani soja ya shigo ya ga ƙunshi a cinyata, ya ce in sauko. Aka kai ni wata rumfa wajen wani hafsa mai tauraro biyu, yana shan shayi. Da Larabci muka yi magana.

Ya buɗe akwatin ya daɗe yana kallo. "Mene ne wannan, ya zol?" Wato "kai mutum".

"Farasha ne, ranka ya daɗe." Haka ake kiran malam-buɗe-littafi da Larabci.

"Na ga farasha ne. Wa ya kashe su?"

Na ce yayana ne, kuma shi ma ya rasu. Ya gyaɗa kai kamar an yi adalci. Sannan aka laluba aljihuna aka fito da littafin. Ya buɗe, ya juya shi, ya sake juyawa. Haruffan ya san su, amma maganar ta ƙi fita.

"Wannan wane irin Larabci ne?"

"Hausa ce."

"Rubutun sirri ke nan."

"Ba sirri ba ne, ranka ya daɗe. Rabin Umbadda za su karanta maka."

"Rabin Umbadda," ya ce, ya rubuta wani abu a takardarsa. Nan na gane na ƙara wa rabin Umbadda matsala.

Sai ya kai shafukan tsakiya, inda Yaya ya zana taswira da hannunsa: ga dutse, ga rafi, ga hanyar ƙafa, ga 'yan alamomi a wuraren da ya ajiye ayaba. Hafsan ya ajiye shayinsa. Ya nuna alamomin da ɗan yatsa. "Waɗannan fa?"

"Wurin ayaba ne."

"Ayaba." Ya dubi sojan, sojan ya yi murmushi don ya ga ana bukata. "A dajin 'yan tawaye. Ayaba a jere, a bakin hanya, kowace da lambarta. Kai wane jinsi ne ma?"

Na ce ɗan Sudan ne ni, a Omdurman aka haife ni, aka haifi ubana. Na miƙa masa takardar jinsiyyata, shaidar zama ɗan ƙasa. Bai ko kalle ta ba. Ya dubi fuskata, ya dubi hancina, ya ce, "Fallata," sunan da suke kiran duk wanda kakanninsa suka zo daga yamma. Ya rubuta. Yaya ya yi shekaru yana auna jijiyoyin fiffike kafin ya yarda ya ce ƙwaro ɗan gidan kaza ne. Wannan bawan Allah kafin shayinsa ya huce ya gama tantance ni, ƙabila da dangi da gida. Irin waɗannan ƙwararru aka bari a bakin aiki, don maslahar jama'a.

Ya mayar mini da akwatin, ya ce matattu ba su da laifi. Littafin kuwa za a kai ofis a bincika. Ya faɗa mini ofishin, ya ce in je gobe. Na roƙe shi, na ce wasiyyar mamaci ce. Ya ce, "Ka gode Allah littafin muka riƙe."

Na gode wa Allah kuwa. Na ƙarasa gidan Dakta a unguwar Alshajara.

Tsoho ne siriri, falonsa cike da kwalayen littattafai da aka ɗaure. Da ya ji wane ne ni ya ɗaga hannu muka yi Fatiha, ya daɗe bai sauke ba. Ya ce Yaya bai yi makarantar boko mai zurfi ba, amma bai taɓa ganin ido irin nasa ba. Sannan ya kwance zanen, ya ɗauko gilashin ƙara girma, ya nufi taga. Kai tsaye wajen baƙin nan ya je. Ya zare shi da allurarsa, ya juya cikinsa sama, ya ga farin layin da ya karye.

"Ya yi gaskiya," ya ce a hankali. "Wallahi ya yi gaskiya. Ya rubuto mini, na ce masa sai na gani da idona." Sai ya dubi ƙasan allurar. Ya dubi sauran alluran. Ya ɗaga akwatin ya leƙa ƙarƙashinsa. "Ina takardun?"

Na faɗa masa. Ban rage komai ba, har kaskon, har gindin katanga. Na ma ƙara da cewa fiffike ko ɗaya bai karye ba, don a lokacin ina jiran a yaba mini.

Ya zauna a kan wani kwali. Bai yi faɗa ba. Da ya yi, da ya fi mini sauƙi.

"Ɗana, ka san abin da ke jikin takardar nan? Sunan dajin, da ranar da aka kama shi, da sunan wanda ya kama. Ita ce shaidarsa. Masanan da zan kai wa, abin da za su fara tambaya ke nan: daga ina? Idan daga wannan gefen dutsen ne, magana ɗaya ce. Idan daga wancan ne, wata maganar ce daban, don can akwai ɗan'uwansa, za su ce shi ne ya ɗan canza kama. Ba takarda, wannan ado ne kawai. A rataye a falo."

Na ce, "Dakta, ai ka san kudu. Rubuta wani daji mana. Wa zai je ya duba, ana wannan yaƙi?"

"Babu wanda zai je," ya ce. "Shi ya sa ba zan rubuta ba. Dazuzzuka uku muka saba zuwa, kuma ban san wanda ya je a tafiyar nan ba. Ya ce sai ya kawo mini da hannunsa. Kai bai taɓa faɗa maka ba?"

Ya faɗa mini. Na tabbata ya faɗa mini, ba sau ɗaya ba. Na tsaya a falon nan ina laluben kaina, abin da na samo kawai shi ne ruɓaɓɓiyar ayaba da ƙafa huɗu.

"Littafinsa fa?"

Na faɗa masa wannan ma. Ya rufe ido. Can ya ce, "Ranar Alhamis ta sama zan tashi. Ka kawo mini littafin kafin nan, ko shafi ɗaya. A al'adar aikin nan wanda ya bayyana sabon ƙwaro shi ke raɗa masa suna. Na yi niyyar in sa masa sunan yayanka. Da ya shiga littafi ke nan, babu mai sallamarsa."

Wannan ne Yaya bai faɗa mini ba, ko dai bai sani ba. Na ɗauki akwatin na fito.

Kwana takwas na yi ina zuwa ofishin nan. Gini ne marar allo a ƙofa, amma kowa ya san shi, don mutane kan tsallaka titi idan sun zo daidai wurin. Ni kuwa da ƙafata nake zuwa, da safe, kamar ma'aikaci. Akwai wani mai teburi a bakin ƙofa da muka saba har yana tambayata iyali. Ranar farko ya ce littafin bai iso ba. Rana ta uku ya ce ya iso, yana wajen mai fassara. Rana ta biyar ya ce ba su da mai fassara, ana nema. Na ce ga ni, zan karanta musu kyauta, a gabansu. Ya ce wanda ake tuhuma ba ya fassara hujjar da ake tuhumarsa da ita. Na ce ashe tuhumata ake? Ya ce a'a, amma in na ci gaba da zuwa za a iya dubawa. Kullum maganarsa ta ƙarshe ɗaya ce: "Bukra, in sha Allah." Gobe. Ban taɓa ganin wurin da ake yawan ambaton Allah irin ofishin nan ba.

Ranar Laraba na durƙusa a gindin katangarmu na tone wurin da Baffa ya binne tokar. Ban san abin da nake fatan samu ba. Toka ce, ta gauraye da ƙasa. Baffa ya fito ya same ni a haka. Na faɗa masa abin da Dakta ya ce. Ya dubi ramin da na tona, ya ce, "Ni alheri na nufe shi da shi." Na ce na sani, Baffa. Bai sake ɗaga maganar ba har ya bar duniya, ni ma ban ɗaga ba.

Ranar Alhamis Dakta ya tashi. Ya bar mini adireshin 'yarsa, ya ce in littafin ya fito in rubuta. Na ci gaba da zuwa ofishin jefi-jefi, har wata rana na tarar an tashi daga ginin, wani yana sayar da tayoyi a ciki. Daga baya na ji Dakta ya rasu a can. Yaƙin ya ƙare, ƙasar ta rabu biyu, dajin ma yanzu a wata ƙasa yake, ko wanne ne daga cikin ukun.

Na sha zagin hafsan nan a zuciyata, kuma ya cancanta. Amma shi littafi ya ɗauke, bai san mu ba, ba a ba shi amana ba. Ni aka ce wa "yadda suke ɗin nan", na amsa, sannan na zauna na gyara abin da ban fahimta ba, da kyakkyawar niyya da hannu mai tsabta. Abin da na koya ke nan, kuma na koye shi a makare: idan an ba ka amanar abin da ba ka san kansa ba, kada ka gyara shi, ka kai shi yadda yake. Idan kuma naka yana yi maka bayanin abin da ya ba rayuwarsa, ka saurara ko da ƙwaro ne, don ba kullum zai kasance a tsakar gida yana maimaitawa ba.

Akwatin yana ɗakina. Duk shekara nakan buɗe in sa masa sabon kafur don kada gara ta shiga. Koren ya ɗan dushe, amma yana nan. Wasiyyar Yaya ban cika ta ba, kuma har yau ba a raɗa wa ƙwaron suna ba.